Harin Shanun 1864: Jarumtar Barade da Sakacin Masu Mulki

A cikin labaran yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin gwamnatin Tarayya da jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle, akwai wani labari da marubutan ƙasar suke ƙaunar maimaitawa, har aka yi masa littattafai da majigi, shi ne labarin barade kimanin 3,000 waɗanda suka zagaya ta bayan rundunar da ta tsare su a watan Satumba na 1864, suka koro shanun abokan gaba kusan 2,500, suka shigo da su sansaninsu, alhali waɗanda aka kashe musu ba su wuce mutum 10 ba. Duk wanda ya ji wannan labari sai ya jinjina, ni ma ina jinjinawa, domin jarumta ba ta ɓuya ko da a jikin wanda ba ka goyon bayan abin da yake yaƙi a kai. Amma ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne bai kamata a karanta wannan hari a babin nasara ba. A babin shaida ya cancanta a ajiye shi, shaidar cewa daular da ta aiki baradenta neman nama a bayan abokin gaba ta riga ta kasa sauke farillar farko da ke wuyan kowace hukuma mai yaƙi, wato ciyar da wanda ta ɗora wa bindiga.

Ga yadda al'amarin yake. Tun watan Yuni na 1864 Janar Ulysses Grant, babban kwamandan Tarayya, ya kafa sansani a gaban garin Petersburg na jihar Birjiniya, ba domin garin kansa ba, sai domin hanyoyin jirgin ƙasa da suka haɗu a cikinsa, waɗanda ta kansu abinci ke isa Richmond, hedkwatar 'yan aware. Janar Robert Lee na Kudu ya tare shi, ɓangarorin biyu suka haƙa ramuka suka zauna suna duban juna, zaman da ya ɗauki fiye da wata tara. A bayan Grant, inda kogin Appomattox ya faɗa cikin kogin James, akwai wani ƙauye mai suna City Point, wanda cikin 'yan makonni ya zama tashar jiragen ruwa mai cunkoso, da rumbuna, da asibiti, da gidan burodi mai gasa rabon mutum 100,000 a yini, da layin dogo da sojoji suka shimfiɗa domin kai kaya har bakin daga. A bayan Lee kuwa hanyoyi ne ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin watan Agusta sojojin Tarayya suka datse layin Weldon a wurin da ake kira Globe Tavern, ya zama dole a sauke kaya a tashar Stony Creek, a ɗora wa kekunan doki, a zagaya da su tafiyar mil 30 kafin su shiga gari. Kafin watan ya ƙare Lee da kansa ya sanar da Richmond cewa masarar rundunarsa ta ƙare.

A cikin wannan hali ne wani ɗan leƙen asiri, Saje George Shadburne, ya aiko wa Janar Wade Hampton, shugaban baraden Lee, takarda ranar 5 ga Satumba, cewa akwai garken shanu kamar 3,000 a Coggins Point, bakin kogin James, mil kaɗan daga mazaunin Grant, kuma masu tsaronsu sojoji 120 ne da makiyaya farar hula 30. Hampton ya nemi izini, Lee ya ba shi bayan ya nuna damuwarsa game da hanyar dawowa, wadda ita ce ainihin wuyar aikin. Ranar 14 ga wata suka tashi. Ba su nufi gabas inda shanun suke ba. Kudu suka yi, suka yi nisa da ƙarshen layin abokan gaba, suka kwana a bakin rafin Rowanty, washegari suka karkata suka doshi kogin Blackwater, a daidai wurin wata gada da aka riga aka rushe. Hikimar Hampton a nan take, domin ya san ba mai ɓata sojoji wajen gadin gadar da babu ita. Ya zo da magina cikin tawagarsa, suka sare itatuwa suka ɗaura sabuwa kafin dare ya raba, mutane da dawaki suka haye cikin duhu.

Da asubahin ranar 16 ya raba rundunar uku. Ɗan Janar Lee, wanda ake yi wa laƙabi da Rooney, ya yi hagu domin ya tare duk wata gudummawa da za ta fito daga wajen Petersburg. Janar James Dearing ya yi dama. Janar Thomas Rosser kuwa ya faɗa wa sansanin baraden Tarayya da ke cocin Sycamore wajen ƙarfe biyar, yawancinsu suna barci. Ba su miƙa wuya nan take ba, don suna riƙe da bindigogi masu harbi a jere, sun kuwa yi wa Rosser ɓarna kafin a rinjaye su. Masu tsaron garken da suka ji ƙarar harbi suka yi abin da mai hankali zai yi, suka karya shinge suka yi ta harbi sama don shanun su firgita su watse cikin daji, amma barade suka riga su, suka kewaye garken suka tattaro shi. Kafin hantsi an juya.

Wanda ya taɓa ganin an koro babban garke ta burtali ya san abin da ke gaban waɗannan mutane. Saniya ba ta tafiyar doki. In ka matsa mata ta bazama, in ka sassauta ta sunkuya kiwo, in na gaba ya ƙi taka gada na baya duk sun cushe, in ɗaya ta firgita da ƙarar bindiga ɗari sun bi ta. Ga hanya ƙunƙunta cikin kurmi, ga ƙura ta turnuƙe har mutum ba ya ganin na gabansa, ga jerin shanu ya miƙe mil da yawa, ga gadar gungume da aka ɗaura jiya da dare wadda dole kofato dubu goma su bi ta kanta, ga kuma tabbacin cewa labari ya riga ya isa ga abokan gaba. Da la'asar baraden Tarayya ƙarƙashin Janar Henry Davies suka iso don su datse hanya, Rosser ya tsaya musu a cocin Ebenezer har dare, garken kuwa aka bi da shi ta wata hanya can baya. Ranar 17 Hampton ya shigo gida bayan tafiyar mil 100, da fursunoni 304 da kekunan kaya 11. Shanun da ya kama 2,486 ne, waɗanda suka iso 2,468. 18 kaɗai suka salwanta a hanya. An kashe masa mutum 10, an raunana 47, huɗu sun ɓata. Wannan lissafi na shanu 18 shi ne, a ganina, ya fi kowane ɓangare na labarin nuna gwaninta, domin faɗa wa masu barci da asuba ba ya bukatar abin da korar garke cikin natsuwa da abokin gaba a bayanka ke bukata.

An ruwaito cewa Shugaba Abraham Lincoln da ya ji labari ya ce bai taɓa jin satar shanu mai gwaninta irin wannan ba. Maganar ta yaɗu, amma tilas a tsaya a kanta, saboda mu da muka san abin da korar garke ke nufi ga mai shi, muka ga yadda ɓarayin daji suka mayar da masu arziki almajirai a dare ɗaya, ba za mu so a cakuɗa abubuwa biyu da shari'a da hankali suka raba ba. Shanun Coggins Point ba na wani makiyayi ba ne. Gwamnatin Tarayya ce ta saye su da kuɗin baitulmalinta, ta kawo su bakin daga domin a yanka wa sojojin da ke harbin mutanen Hampton, sojoji kuma ke gadinsu. Hukuncinsu hukuncin albarushi da harsashi ne. Dokar yaƙi da Lincoln ya sa wa hannu da kansa a Afrilu 1863, wadda Francis Lieber ya tsara, ta halatta wa runduna ta ƙwace dukiyar gwamnatin abokin gaba mai ɗaukuwa, abin da ta halatta wa nasa kuwa ba za ta haramta wa na Lee ba.

Yaƙin Amurka ba a ƙarƙashin shari'ar Musulunci aka yi shi ba, ba kuma ina nufin in ɗora masa hukuncin jihadi ba. Amma mizanin da muka gada daga fukaha'unmu mizani ne mai kyau, kuma da shi na saba auna irin waɗannan al'amura. Sun rarrabe tsakanin ganima da gululu da fashi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, an yi rangwame ga mayaƙi mabukaci ya ci abinci ya kuma ciyar da dabbarsa daga ganima tun kafin a raba, saboda larura ce, ba tara dukiya ba. A ɗaya gefen kuma Bukhari ya kawo hadisin Rafi'u ɗan Khadij, inda mutane suka ji yunwa suka yi gaggawar yanka dabbobin ganima kafin rabo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kifar da tukwanen. Sannan ga wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da ya tura shi Sham, wadda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, inda ya hana sare itace mai 'ya'ya, da rushe gari rayayye, da kashe akuya ko raƙumi sai domin ci. Abin da ke bayyane cikin waɗannan duka shi ne cewa yunwar soja hujja ce mai iyaka: tana buɗe masa ƙofar abin da zai ci, ba ta buɗe masa ƙofar ɓarna ba, ba ta kuma mayar da kowane soja hukumar kansa ba. A kan wannan mizani harin Hampton ya fita da tsabta. Ya ɗauki dukiyar runduna, ya miƙa ta ga ma'ajin runduna, aka yanka aka raba.

Abin da bai fita da tsabta ba shi ne abin da ɓangarorin biyu suke yi wa talakawa a daidai wannan lokaci, wanda ba a yi masa majigi ba. A ranakun da Hampton ke korar shanu Grant ba ya City Point; ya tafi arewa ganawa da Janar Philip Sheridan a kan kwarin Shenandoah, wanda shi ne rumbun hatsin Birjiniya. Ranar 19 ga Satumba, kwana biyu kacal bayan shigowar garken, Sheridan ya karya rundunar Janar Jubal Early na Kudu a Winchester, ya bi kwarin da wuta. A rahotonsa na 7 ga Oktoba ya lissafa da kansa cewa ya ƙone rumbuna fiye da 2,000 cike da alkama da ciyawa, da injinan niƙa fiye da 70, ya koro dabbobi fiye da 4,000, ya yanka wa sojojinsa tumaki ba su gaza 3,000 ba. Waɗannan dabbobin manoma ne, cikinsu har da mabiya ɗariƙun Kirista da suka ƙi ɗaukar makami wa kowane ɓangare. Dokar Lieber ta halatta sa wa abokin gaba yunwa, mai makami da marar makami, kuma sai a 1977 ne ƙarin yarjejeniyar Janiba, a sashe na 54, ya haramta lalata dabbobi da amfanin gona da farar hula ke rayuwa a kansu. Ina ganin Tarayya ce ke da gaskiya a asalin yaƙin, amma gaskiyar dalili ba ta wanke kowane aiki da aka yi da sunansa, kuma ƙone abincin gwauruwa a bakin hunturu zalunci ne ko wa ya yi shi.

Sai dai mai lissafi ya dubi adadin nan biyu. Hampton ya jefa baradensa cikin haɗari ya samo shanu 2,468 sau ɗaya; Sheridan cikin makonni uku ya raba Lee da abin da ya ninka haka, ya kuma kashe ƙasar da za ta haifi na baɗi. Shanun da aka koro ma ba su da wurin zama, domin rundunar da ba ta da masarar mutane ba ta da harawar dabbobi, ga gishirin da za a adana nama da shi ya yi ƙaranci a Kudu tun farkon yaƙi. Saboda haka aka shiga yanka. Sojoji suka ci nama mai kyau, aka ruwaito suna kwaikwayon kukan shanu daga cikin ramukansu suna yi wa na Tarayya tsiya, bayan 'yan makonni kuma aka koma ga ɗan garin masara da guntun naman alade. A City Point kuwa jiragen ruwa suka ci gaba da sauke kaya, ba a ji cewa wani sojan Grant ya kwana da yunwa saboda abin da ya faru ba. Hasarar ta taɓa martabarsu, ba ta taɓa tukunyarsu ba.

To, me ya kai ƙasar noma ga wannan hali? A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya daɗe, domin yunwar rundunar Lee ba fari ne ya kawo ta ba, ba fara ba. Jihohin Kudu sun gina arzikinsu a kan auduga da bayi. A ƙidayar 1860 mutanensu kamar miliyan 9 ne, cikinsu miliyan 3.5 bayi ne 'yan asalin Afirka, alhali ɓangaren Tarayya yana da kamar miliyan 22. Masu gandaye sun zuba dukiyarsu cikin sayen mutane da ƙasa, ba su zuba ta cikin masana'antu da hanyoyi ba. Layin dogonsu bai kai rabin na Arewa ba, an kuma shimfiɗa shi ne domin kai auduga bakin teku, ba domin haɗa jiha da jiha ba, faɗin layukan ma ya sha bamban, har a wasu garuruwa sai an sauke kaya daga wannan jirgi an ratsa gari da su a keken doki an ɗora wa wancan. Gishiri kansa daga ƙetare suke sayo mai yawa. Da yaƙi ya zo sun rage auduga sun ƙara masara, wannan gaskiya ne, kuma akwai abinci a Jojiya da Karolina har ƙarshe. Abin da babu shi ne hanyar kai shi. Ƙarfen dogo ya cinye ba mai sauyawa, taragai sun lalace ba mai gyara. Da Vicksburg ta faɗi ranar 4 ga Yuli 1863 kogin Misisifi ya koma hannun Tarayya, shanun Teksas suka zama kamar babu su. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa waɗannan sun ɗaura yaƙi da ƙasar da ta fi su mutane da ƙarfe da jirage, suna dogara ga zaton cewa Ingila ba za ta jure rashin audugarsu ba, za ta shigo ta cece su. Ingila ba ta shigo ba.

Da abin ya tsananta, hukumar Richmond ta juya kan talakawanta. A Maris 1863 ta yi dokar da ta ba jami'an soja ikon karɓar hatsi da dabbobi a farashin da hukuma ta yanka, a biya da kuɗin takarda da darajarsa ke zubewa kullum. A Afrilu ta ƙara da harajin ushirin amfanin gona. Ushiri a kan kansa ba zalunci ba ne, amma a karɓe shi daga hannun matar da mijinta ke bakin daga, a tara shi a tasha ya ruɓe don babu tarago, wannan cin amana ne. Manomi da ya ga haka sai ya ɓoye abin da ya noma, ko ya rage noman, ko ya kora dabbobinsa cikin daji in ya ji masu karɓa na tafe. A kan wannan kuma ga dokar Oktoba 1862 wadda ta yafe aikin soja ga Bature ɗaya a kowane gandu mai bayi 20, ta bar ƙaramin manomi da ba shi da bawa ya tafi yaƙi gonarsa ta zama saura. Tun ranar 2 ga Afrilu 1863 matan Richmond suka fito suka fasa kantuna suna neman burodi, har sai da Shugaban Kudu, Jefferson Davis, ya fito da kansa ya yi musu magana. Wata 17 ke nan kafin harin shanu. Ma'ajin abincin rundunar, Lucius Northrop, wanda kowa ke kuka da shi, abokin Davis ne tun suna samari a aikin soja, bai kuwa bar kujerarsa ba sai Fabrairu 1865.

Akwai kuma waɗanda labarin harin ba ya ambata sam, su ne masu noman abincin. Hannun bayi ne ke riƙe da fartanyar Kudu, su ne kuma aka tilasta wa haƙa da yawa daga ramukan da Lee ke fakewa ciki. Duk inda rundunar Tarayya ta kusato sai su ajiye fartanya su tsallaka, har kusan 180,000 na baƙaƙen fata suka sa kakin sojan Tarayya kafin yaƙi ya ƙare, wasunsu suna cikin ramukan da ke fuskantar Petersburg. Hampton kansa yana cikin manyan masu bayi na Kudu baki ɗaya, da gandaye a Karolina ta Kudu da Misisifi. Ƙasar da shanun ke kiwo a kanta, Coggins Point, ta gidan Edmund Ruffin ce, masanin noma wanda ya yi suna wajen gyaran ƙasar da ta gaji, ya kuma fi suna wajen kiran a ɓalle domin a tsare bauta. Ba na faɗin wannan don in rage wa Hampton jarumta. Ina faɗa ne domin daular da ta dogara ga wanda ta zalunta ya ciyar da ita, ranar da ƙofa ta buɗe masa ba ta da hujjar mamakin ganin rumbunta wayam.

Mai ja da ni zai ce: to, me kake so baraden su yi, su zauna su mutu da yunwa suna jiran a gyara layin dogo? Zai ƙara da cewa cin nama na makonni ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ciwon rashin abinci ya kama, kuma ƙarfin zuciyar da runduna ta samu, makonni biyu bayan faɗuwar Atlanta ranar 2 ga Satumba, yana da nasa amfani. Na yarda da wannan duka. Soja yana yin abin da ke hannunsa, Hampton kuwa ya yi nasa a kan mafi kyawun fuska. Ƙarata ba a kansa take ba, a kan masu ba da labari take, waɗanda suka ɗauki kwana huɗu na sukuwa suka rufe shekara huɗu na rashin tadbiri da su. A 1966 aka yi majigi mai suna Alvarez Kelly a kan wannan hari, aka cika shi da ƙaho da ƙura da soyayya. Ba wanda zai sayi tikiti ya kalli magatakarda yana lissafin buhuna, ko maƙeri yana gyaran tarago, ko manajan tasha yana tsara wane jirgi zai wuce kafin wane. Amma waɗannan su ne suka ci yaƙin, kuma ɓangaren Grant ne ke da su, ƙarƙashin Janar Montgomery Meigs a Washington da Janar Rufus Ingalls a City Point, waɗanda kaɗan ne suka san sunansu. Al'ummar da ta saba yabon wanda ya ceto ta daga rami, ta manta da tambayar wanda ya haƙa ramin, za ta ci gaba da samun jarumai da ramuka tare.

Ko dawakin da aka yi harin da su abin dubawa ne. A rundunar Kudu barde shi ke zuwa da dokinsa, hukuma tana biyansa ɗan kuɗin haya a yini, tana biyan diyya in an kashe dokin a fagen fama, amma in yunwa ko ciwo ko gajiya suka kashe shi hasarar mai shi ce, sai ya tafi gida neman wani ko ya koma dakare. Mil 100 cikin kwana huɗu a kan dabbar da ba ta ƙoshi ba bashi ne da ake biya daga baya. Da hunturu ya shigo dole Lee ya warwatsa baradensa wurare masu nisa domin neman ciyawa, a Janairu 1865 kuma aka tura Hampton Karolina ta Kudu ya tari Janar William Sherman, wanda ya riga ya ratsa Jojiya yana ci daga gonakinta yana tumɓuke layin dogonta. Tun a watan Disamba na 1864 aka lalata ma'adinan gishiri na Saltville. Ranar 15 ga Janairu ganuwar Fort Fisher ta faɗi, tashar Wilmington ta rufe, wadda ta nan ne jiragen fasa-ƙwauri ke shigo da naman gwangwani da takalma. A ƙarshen watan Lee ya rubuta wa ministan yaƙinsa cewa ƙarancin abinci da rashin biyan albashi su ne kan gaba cikin abin da ke sa sojojinsa gudu, suna kuwa gudu da ɗaruruwa, wasu zuwa gida inda wasiƙun matansu ke kiransu, wasu zuwa ramukan abokan gaba inda suka san akwai burodi.

Ranar 2 ga Afrilu 1865 layin Petersburg ya karye, Lee ya janye yamma da niyyar ya tarar da guzuri a Amelia Court House. Da ya isa ranar 4 ga wata ya sami taragai ɗauke da kayan yaƙi, babu abinci. Ya rubuta takardar roƙo ga mutanen gundumar, ya aika kekuna ƙauyuka su nemo nama da gari da masara, kekunan suka dawo kusan yadda suka tafi, domin masu karɓa na hukuma sun riga sun bi gidajen nan shekara biyu. Yinin da ya ɓata yana jiransu shi ya ba Sheridan damar shan gabansa. Ranar 8 ga wata baraden Tarayya suka kama jiragen abincin da aka aiko masa a tashar Appomattox, washegari ya miƙa wuya da mutum kimanin 28,000 da suka rage masa.